Nomau Mai Ƙararrawar Ƙarshe ta Farin Fili

Da sunan Mai rahama nake buɗe baki, Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya ba matafiyi ƙafa, ya ba mazauni haƙuri. Ya ku fataken da kuka sauke kaya a gindin hasumiyata, ku kwance ƙyallen idonku, ku sha ruwa, ku ba ni aron kunnuwanku. Na daɗe ban yi zance da mahaluki ba, in harshena ya yi tuntuɓe ku yi mini uzuri. Ni ne Nomau ɗan Jatau, mutumin Rafin Kanwa, ga kuma yadda ƙafa ta kawo ni nan.

Ku da kuka ratso Farin Fili kun san shi, amma bari in faɗa saboda wanda zai ji labarin daga bakinku a wata ƙasa. Teku ne na gishiri da ya daskare, tafiyar watanni ta kowace fuska, ba itace ba inuwa. Da rana haskensa cinye ido yake yi, dole matafiyi ya ɗaure idonsa da baƙin ƙyalle, ya ɗaure na raƙuminsa. In rana ta faɗi kuwa, gishirin ya yi gumi, ya yi laushi, ya haɗiye duk wanda bai kai dutsen zango ba. Saboda haka ba a ratsa shi da ido, sai da kunne. A kan kowane dutsen zango akwai hasumiya, a kan kowace hasumiya akwai ƙararrawa, matafiyi ya bi amonta har ya iso.

A garinmu wani gida ne suka gaji jan ƙararrawa, mutane kuma na kai musu hatsi gwargwadon niyya. Wata shekara damina ta yi gardama. Kowa ya dubi rumbunsa ya ce a ransa, ko na bayar ko ban bayar ba kunnena zai ji, bari maƙwabci ya bayar. Maƙwabcin ma haka ya ce. Mutanen gidan nan suka yi haƙuri har ya ƙare, rannan suka ɗaure kayansu suka bar gari ba sallama. A ranar yayana Mantau yana cikin fili, ya ɗauko kanwa yana dawowa. Kafin gari ya farga da shirun, rana ta faɗi. Ko takalminsa ba mu gani ba.

Mahaifiyarmu ba ta yi nisa a bayansa ba. Da na rufe ta, na ɗauki sanda da salka, na ja ƙofar gida. Abu guda nake son sani: shin akwai ƙasar da ƙararrawa ba ta yin shiru, in kuma akwai, wa ke ciyar da mai janta?

Na bi gefen fili ina tambaya har na iso Tarmasu, birnin attajirai, mai ganuwar kantun gishiri da ƙofofin tagulla. Tun daga nesa na jiyo ƙararrawarsu, amo mai zurfi kamar daga cikin rijiya, har ƙwalla ta cika mini ido. A bakin ƙofa wasu ƙarti suka tare ni.

Babbansu ya ce, "Baƙo, ji za ka saya, ko a toshe?"

Na ce ban gane ba. Ya yi mini bayani cikin gajiyar wanda ya saba. Ƙararrawar ta wani attajiri ce, Barmo. Wanda ya biya kuɗin ji a rataya masa tambarin tagulla a wuya. Wanda bai biya ba a narka kakin zuma a cika masa kunnuwa, a buga hatimi a kai, in kuma aka kama shi ya ɓamɓare, kunnen za a yanke. Ba ni da abin biya. Aka zaunar da ni a kan turmi aka toshe.

Na shiga birnin nan cikin shirun da ban taɓa sanin irinsa ba. Fiye da rabin mutanen gari haka suke. A kasuwa da hannu ake ciniki. Na ga mace goye da jariri yana tsala kuka har fuskarsa ta yi ja, ita kuwa tana ta auna gero ba ta sani ba. Na yi dako a can lokaci mai tsawo, ban ji sunana a bakin kowa ba. Talakan Tarmasu kuma ba ya shiga fili, don ba shi da kunnen shiga, sai ya sayi kanwa da gishiri a hannun masu tambari a farashin da suka ga dama.

Wata rana gajiya ta kama ni a gindin hasumiya, na kafa sandata a ƙasa na ɗora haɓa a kai. Sai na ji haƙorana suna rawa. Na ciji kan sandar, na ji bugun ƙararrawa yana hawowa ta cikin itacen har tsakar kaina. Na fita fili na gwada. In na matso rawar ta ƙaru, in na yi nisa ta ragu. Na nuna wa wata tsohuwa mai sayar da kanwa da takan ba ni ƙanzo. Ita ta nuna wa jikokinta. Kafin wata ya mutu, talakawan Tarmasu sun cika fili, kowa da sanda a baki, kunnuwa a toshe, hatimi lafiya lau.

Barmo ya sa aka kamo ni, aka buɗe mini kunne ɗaya. Na zaci zan ga azzalumi mai jan ido, sai na tarar da dattijo ramamme, mai sanyin murya.

Ya ce, "Na ji labarin garinku. Zauna ka ji nawa. Da mu biyu ne a nan, ni da wani. Shi ya kaɗa daga gabas, ni daga yamma, kowa na son ya danne ɗan'uwansa. Fatake suka riƙa ruɗewa suna mutuwa a tsakaninmu. Na saye tasa na sauke ta, don zango ɗaya ba ya ɗaukar ƙararrawa biyu. Tagullar nan da dukiyata na saye ta. Masu ja ni nake ciyar da su. In kowa zai ji a banza, wa zai biya? In ba a biya ba, so kake in yi shiru irin na Rafin Kanwa?"

Can na ce, "Ranka ya daɗe, ƙananan zangon da ke can ciki fa, wa ke kaɗa musu?"

"Ba kowa. Ayari ɗaya a shekara ba ya ciyar da mai ja. Ni ɗan kasuwa ne, ba sarki ba." Sannan ya ce, "Ba na ƙin ka. Amma tun da da haƙori kake ji, gobe wanzami zai cire su a bainar jama'a."

Aka kulle ni a wani kango a bayan gidansa. A tsakiyar kangon ga tsohuwar ƙararrawar abokin hamayyarsa a kife, da tsagewa a gefe, an naɗe ta da sarƙoƙi alamar za a tafi da ita. Na haƙa ƙasa da hannu a ƙarƙashin leɓenta, na shige da salkata, na mayar da ƙasar, na rungume harshen ƙarfen da ke rataye a ciki. Da la'asar na ji an ɗaga ta an ɗora a kan wani faffaɗan katako, raƙuma suka ja. Ina jin ƙartin Barmo suna nemana a lunguna, ni kuwa na fita ta babbar ƙofa, su da kansu suna buɗe mini hanya.

Ban san tsawon tafiyar ba. Ta tsagewar nan nake samun iska, ta nan nake ganin rana ta fito ta faɗi. Da aka ɗaga ƙararrawar na faɗo ƙasa kamar ɗan tsako, na ga mutane sanye da riguna iri ɗaya sun kewaye ni. Na iso Gumdari.

A Gumdari komai na sarki ne. Ba hasumiya da rijiya kaɗai ba, har allura, har koko da ƙosai, har askar wanzami. Aka kai maganata gaban Galadiman Ayyuka, wanda shi ne kan dukan sana'o'in sarki. Ya yi dogon tunani, ya yanke cewa tun da sarki ya sayi ƙararrawa da abin da ke cikinta, ni ma na sarki ne. Aka ba ni riga, aka naɗa ni Mai Gadin Cikin Ƙararrawa, aka yanka mini mudun gero kullum.

Da farko murna na yi. Na ce ga ƙasar da nake nema, inda sarki ke ciyar da mai ja, ba a toshe kunnen kowa. Amma kwanaki suka shuɗe ban ji an kaɗa ba. Ma'aikata kuwa sun cika hasumiya har matakala. Akwai Sarkin Igiya, akwai Madakin Tsani, akwai Mai Shafa Mai da mataimakansa, kowanne ɗan'uwan wani ne a fada. Da hantsi su zo su zauna su yi dara, da azahar su karɓi mudu su watse.

Wani tsoho, Cindo, shi ne Sarkin Ja, watau mai jan igiya. Shi kaɗai yakan amsa gaisuwata da kyau. Na ce, "Baba, me ya hana ka ja?"

Ya nuna mini sama. Guntun igiya ne ke lilo, ya tsinke.

"An kai kuka gidan igiya na sarki," in ji shi. "Su suna jiran rama daga gonar sarki. Gona na jiran fartanya daga maƙerar sarki. Maƙera na jiran gawayi, masu gawayi na jiran jakuna, jakunan kuma ba igiyar ɗaure musu kaya."

"To me ya sa aka sayo wata ƙararrawa, tsagaggiya ma, alhali igiya ce babu?"

"Surukin Galadima ne ya je sayen." Ya gyara zama. "Ɗana, ba haka muka taso ba. Zamanin kakan sarkin nan attajirai sun matsa wa mutane, ya karɓe hasumiyoyi, kowa ya sa masa albarka. Ya karɓe rijiyoyin fili, aka ƙara sa albarka. Ɗansa ya ga abin ya yi daɗi, ya karɓe marina, ya karɓe maƙera. Jikan ya haɗa har da masu ƙosai. Yanzu in sana'a ta faɗi baitulmali ya cike, in ta yi riba fada ta kwashe. Wanda ya yi aiki mudu ɗaya, wanda ya yi barci mudu ɗaya. Ni ma da ina damuwa."

Na zauna cikin taron nan, kaɗaicin ya fi na Tarmasu ciwo, don a nan kowa na ji, ba mai saurare. Kullum in hau can sama in rufe ido in ba fili kunne. Rannan da rana tsaka na jiyo ƙaho daga nesa, siriri, yana yankewa, irin busar ayarin da ya ɓace. Na sauko da gudu na faɗa musu. Madakin Tsani ya ce za a sanar da Galadima ranar da majalisa za ta zauna.

Na tuɓe rigar sarki, na kwance rawanina, na yayyage su na tufka igiya. Na hau na ƙulla ta da guntun nan, na ja. Tsohuwar ƙararrawar Gumdari ta yi tari kamar mai tashi daga jinya, sannan ta buɗe murya. Na yi ta ja har tafin hannuna ya sale. Gab da faɗuwar rana wani ƙaramin ayari ya fito daga fili, raƙuma na tangaɗi, ƙafafunsu sun fara nutsewa.

Ni kuwa aka kama ni da laifi biyu: na yi aikin da ba nawa ba, na kuma tufka igiya ba a gidan igiya ba. Galadima ya ce a ɗaure ni a kai ni kurkuku. Dogarai suka duba, duk Gumdari ba igiya sai tawa. Ɗaya ya hau zai kwanto ta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, igiyar nan kai ka ce haramtacciya ce. Dogarin sarki zai yi aikin sarki da haramtaccen abu?"

Galadima ya shafa gemu. Ya ce maganar tana da nauyi, a bar ni tsaye a nan har a kawo igiya ta halal. Washegari azahar ta yi, dogarai suka tafi karɓar mudu. Baba Cindo ya matso kamar mai wucewa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Mai gadin ƙofar arewa aikinsa tare masu shigowa ne. Na masu fita ba a naɗa ba tukuna." Na bi ta ƙofar arewa, mai gadi ya yi mini a sauka lafiya.

A bayan ganuwa na tarar da ayarin nan suna ɗaura kaya. Madugunsu mace ce, doguwa, baƙa, da ƙaho rataye a kafaɗa. Sunanta Tabawa, ta gaji ayarin daga mijinta da ya rasu. Ta dubi hannuwana, ba ta tambaye ni komai ba, ta sa aka kawo man kaɗanya ta shafa mini da kanta.

Ta ce, "Bawan Allah, ina ka nufa?"

Na gaya mata abin da nake nema.

"Hau raƙumin can," in ji ta. "Ban ce za ka sami aljanna ba, amma a ƙasarmu ana kaɗawa."

Ƙasarsu ita ce Sulmai, wannan da kuke cikinta. A lokacin Magajiya Yalwa ke sarauta, tsohuwa mai kaifin ido da takan zauna a ƙofar fada tana kaɗi, talakawa na kawo ƙara. Tabawa ta kai ni gabanta, na faɗi na yi gaisuwa, na ba ta labarin Tarmasu da Gumdari. Ta yi dariya har ta ajiye mazari.

Ta ce, "Mu abu uku muka riƙe: ramin gishiri, rijiyoyin fili, da ƙararrawa. Ramin don Allah ne ya ajiye shi, ba wanda ya shuka, bai kamata ya zama na mutum ɗaya ba. Rijiya da ƙararrawa don ba mai kasuwar da zai yi su a inda ba riba, inda ribar take kuma zai shaƙe mutane. Abin da rami ya samo shi ke ciyar da hasumiya. Sauran sana'a ta masu ita ce, ni ban iya ƙosai ba."

Na ce, "Allah ya ja zamaninki, me ke hana masu ja barci?"

"Dangina ba sa aiki a Gidan Ƙararrawa. Kuma duk shekara madugai kan taru a nan su faɗa a gaban kowa, wace hasumiya ta kaɗa, wace ta yi shiru. In shiru ya yi yawa, shugaban gidan ya sauka."

Na roƙi aiki. Aka gwada hannuna da kunnena, aka ce gurbi ɗaya ne ba mai so: hasumiyar ƙarshe, wadda daga ita sai Tudun Gawo, ƙauyen su Tabawa. Na karɓa.

Kun ga wurin da idonku. Dutse, rijiya mai ruwa kaɗan, ɗaki ɗaya, sai fari ta ko'ina. Ƙa'ida ita ce a kaɗa tun fitowar rana har faɗuwarta, ko da mai tafiya ko babu, don ba ka san wanda ke ciki ba. A wancan zamani mu biyu ake turowa, muna karɓa-karɓa, rabin shekara ni, rabin shekara wani. Yawancin waɗanda nake kaɗa wa ban taɓa ganin fuskarsu ba. Su ratsa can nesa, su busa ƙaho alamar sun ji, su wuce. Na koyi magana da guga. Na san kowace tsaga a jikin dutsen nan.

Ayarin Tabawa ne kaɗai ke sauka a nan, in za su kai fatu da cuku birni, in kuma za su koma da hatsi. Takan kawo mini busasshiyar kuɓewa da daddawa, ta zauna a bakin rijiya tana ba ni labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu a Tudun Gawo, mutanen da ban sani ba amma na riƙe sunayensu. Shekaru suka tafi a haka. Wata sauka, tana ɗaure bakin salka, ba ta dube ni ba ta ce, "Ɗan Jatau, in abokin aikinka ya karɓe ka bana, maimakon ka tafi birni ka zauna a zauren baƙi, akwai ɗaki a gidanmu. Na yi wa kawuna magana, ya ce ka zo ku gaisa." Na ce to. Ranar kuwa ƙararrawa ta sha ja.

Kafin lokacin ya zo, Magajiya Yalwa ta rasu, jikarta ta hau, yarinya ce, ragamar mulki na hannun Waziri Tunau. Ramin gishiri kuma ya fara ba da baƙi-baƙi mai ɗaci, wanda fatake ba sa so. Sai ga manzo ya zo mini da saƙo: baitulmali ya yi ƙasa, za a rufe hasumiyoyin da ba su da ayari da yawa, tawa ce ta farko.

In aka rufe, Tudun Gawo ta yanke daga duniya. Ba su da hatsi sai wanda ayari ya kawo. Ina son zuwa fada, amma ba ni barin igiya. Na jira har Tabawa ta sauka, na gaya mata. Ta tura ayarin gida da ƙanenta, ta naɗe hannun riga ta ce, "Nuna mini yadda ake ja."

A birni na ga abin da ya sanyaya mini jiki. A 'yan shekarun nan Gidan Ƙararrawa ya buɗe masaukin baƙi, ya sayi raƙuman haya, har da marina. Ma'aikata sun yi yawa a ƙofa, wasu na dara. Na shiga gaban Waziri Tunau, mutum mai furfura da idanun wanda ba ya samun barci. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

Ya ce, "Malam Nomau, abin da ka gani a ƙofa na riga ka gani. Masauki da marina da raƙuman haya duk na sa a sayar wa masu sana'ar, ba aikin sarauta ba ne. Masu dara za su tafi. Barmo na Tarmasu ya aiko yana son sayen manyan hasumiyoyi, na ƙi. Duk da haka abin bai kai ba. Hatsin da ake kai muku can, da raƙuman da ke kai shi, da mutum biyu, zai gyara rijiyoyi a hanyar da dubban mutane ke bi. Ka gaya mini, in bar waɗancan da ƙishi saboda ƙauye ɗaya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban san lissafin mulki ba. Na dai san su ma talakawan Magajiya ne, kuma in sarauta ba ta kaɗa musu ba, duk duniya ba mai kaɗawa."

Sannan ya ce, "Mutum biyu ba zai yiwu ba. In da za a sami mutum ɗaya da zai zauna ba mai karɓarsa, a riƙa kai masa hatsi sau ɗaya a shekara, zan iya kare wannan a gaban majalisa. Amma na tambaya a Gidan Ƙararrawa, ba wanda ya yarda, kuma ban ga laifinsu ba. Ba zan tilasta wa kowa ba."

Na tuna ɗakin da aka ce akwai a Tudun Gawo. Na tuna kawun da ke jira mu gaisa. Waziri ya ɗauka na gama, ya fara miƙewa.

Na ce, "An samu."

A hanyar dawowa, tun daga zango na biyu kafin nan nake jiyo jan Tabawa. Ba ta iya daidaita bugu ba, ɗaya ya yi tsawo ɗaya ya gajarta, amma ba ta tsaya ba. Na iso na tarar ta rame, hannuwanta naɗe da tsumma. Na karɓi igiyar, ina ja ina gaya mata yadda muka yi da Waziri, don ya fi mini sauƙi in faɗa ina kallon sama.

Can ta ce, "Rijiyar nan ba ta ɗaukar mutum biyu shekara guda."

Na ce, "Ba ta ɗauka."

"Ayari kuma ba mai ja sai ni. Ƙanena bai san fili ba tukuna."

"Na sani, Madugu."

"Da ka tambaye ni, da abin da zan ce ka yi ke nan," in ji ta. "Amma da na so a ce ka tambaye ni."

Da gari ya waye ta ɗaura wa raƙumarta sirdi. Ta ajiye mini ragowar daddawarta a bakin ɗaki, ta ce kada in bar ta a rana. Ta ɗaure idon raƙuma, ta ɗaure nata, ta juya wa hasumiya baya, don mai barin zango da bayansa yake auna amo. Na hau na kama igiya. Na ja mata a hankali, bugu bayan bugu, daidai da takun raƙuma, yadda ba za ta karkace ba. Da ta yi nisa ta busa ƙaho, alamar tana ji. Ta ƙara busawa can gaba, siriri. Daga nan ban ƙara jin komai ba, amma na ci gaba da ja har rana ta faɗi, don ban san inda amon ke daina kai mata ba.

Ta yi shekaru tana sauka a nan bayan haka, mu gaisa, ta ba ni labarin haihuwa da rasuwa. Yanzu ƙafa ta hana ta, ƙanenta ke jan ayari. Tudun Gawo na nan, an ce har sun yi kasuwa.

Iyakar abin da ya same ni ke nan, abin da na ƙara Allah ya yafe, abin da na rage ya fi ni sani. Ku cika salkunanku, amma ku bar mini na gobe. In kun isa Tudun Gawo ku tambayi gidan Tabawa, ku ce mai ƙararrawa yana gaishe ta, kuma lafiyarsa lau.